Inna Uwani da Ɓerayen da Ba Sa Ƙoshi

"Giram hamsin da biyu," in ji Safiya, tana duban fuskar sikelin. "Lamba bakwai, keji mai jan tambari."

Malam Bashiru, ma'aikacin da ke rubuta awon, bai sa biro a takarda ba. Ya ce, "Sake ɗora shi."

Ta sake sa ɓeran cikin ɗan kwanon roba. Baƙi ne mai sheƙi, ya dunƙule kamar curin fura, ƙafafunsa sun kusa ɓacewa a ƙarƙashin tumbi. Lambobin sikelin suka yi rawa, suka tsaya inda suka tsaya da farko.

Inna Uwani tana bakin ƙofa da bokitin garin katako a hannu. Ba ta yi boko ba, amma mako shida ke nan tana jin ana kiran lambobin nan kowace Litinin, har ta gane cewa na jan tambari sauka ya kamata su yi, ko su tsaya, ga shi kuwa sai hawa suke yi. Ta kuma san dalili. A duk ginin ita kaɗai ta sani. Bakin zaninta, can ƙarƙashin farar rigar aiki, har yanzu yana ƙanshin gyaɗa, ita dai tana jin ƙanshin duk da takunkumin da ke fuskarta, tana mamakin yadda su ba sa ji.

"Inna, ki shigo mana, kin bar ƙofa a buɗe sanyi na fita," in ji Malam Bashiru.

Ta shigo, ta tura ƙofar da gwiwar hannu, ta nufi kejin da ya fi nisa da su.

Aikin nan shi ne duk abin da take da shi. Wata ƙaramar cibiyar bincike ce a gefen Gusau, gini ɗaya da janareta, da ɗakuna biyu na ma'aikata a baya. Ɗaya daga cikin ɗakunan nan aka ba ta tare da aikin, a ciki take zaune da 'yarta Yelwa. Ranar da aka miƙa mata makullin ɗakin dabbobi, Dakta Mansur, shugaban wurin, ya faɗa mata magana ɗaya sau biyu. Ya ce kada ko ƙwayar gero ta shiga ɗakin nan daga waje, wanda duk ya karya wannan doka a ranar zai ajiye makulli, ya kuma bar ɗakin kwana. Ta ce ta ji. Da gaske take a lokacin.

A Furfuri aka haife ta, a ƙasar Bunguɗu, gidan noma da kiwo. Mahaifinta mai turke raguna ne, kuma cikin 'ya'yansa tara ita ta ɗauko hannunsa. Tun ba ta kai aure ba ta san yawan kanwar da ake jefa wa ruwan dusa, ta san ranar da ake rage harawa a ƙara ƙowar wake, tana shafa ƙashin bayan rago ta gaya maka kwana nawa suka rage ya cika. Da aka kai ta gidan Malam Isah, a wani ƙauye kudu da Tsafe, da tunkiya guda ta tafi. Shekara ashirin da wani abu, duk gabanin layya, dillalan kasuwar Tsafe har gida suke biyo ta. Ba ta barin ragonta a tsakar gida. Ɗaki take ware masa, mai duhu, ta ɗaure shi a turke ta kulle ƙofa, don rago in bai yawo ba, bai ga abin da zai ɗauke masa hankali ba, ci kawai yake yi.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyen, da hantsi ne, tana shanyar barkono. Ƙarar babura suka fara ji, sannan harbi. Ta finciki hannun Yelwa suka bi ta cikin gonakin dawa, ba takalmi. A wata makarantar firamare a Tsafe suka sauka tare da sauran waɗanda suka tsira, a nan Malam Isah ya same su da yamma. Sai bayan kwana goma sha ɗaya aka sami rakiyar jami'an tsaro, aka koma kwaso abin da ya rage.

An kore duk dabbar da ke sake. Ɗakin ragon kuwa ba wanda ya taɓa shi, kwaɗonta na nan yadda ta datse shi. Wani balami ne fari, saura wata ɗaya layya. Ta buɗe ta same shi kwance a gindin turke. Ya cinye tabarmar kabar da ke jingine, ya ci rabin kaurin igiyar amma ba ta yanku ba, ya lashe katangar ƙasa har ta yi rami, daidai inda tsawon igiyar ya kai shi. Ba ta yi kuka a wurin ba. Makonni bayan haka, a makarantar Islamiyya ta matan aure, malama tana ba da labarin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Uwani ta tashi ana cikin karatu, ta zaga bayan aji ta yi ta amai.

Malam Isah bai shekara ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Yelwa kuma tun gudun nan ba ta koma daidai ba. Ba ta iya zama inda ake hango gona ta taga, in babur biyu suka wuce a jere sai ta shige ƙarƙashin gado. A Gusau ake karɓo mata magani, shi ya sa suka taho. Uwani ta yi shara a Sabon Gari, ta yi wanke-wanke a gidan abinci, har ranar da Malam Bashiru, wanda matarsa 'yar Furfuri ce, ya ce ana neman mai share ɗakin dabbobi, wadda ba ta ƙyama kuma ba ta tsoro.

Shekara ɗaya ta yi da zomaye da fararen ɓeraye na yau da kullum, ba a taɓa samun ta da laifi ba. Sai aka kawo baƙaƙen, guda ashirin da huɗu, a akwatuna masu ƙofar raga, daga ƙasar waje. Shekara biyu Dakta Mansur yana rubuce-rubuce kafin a ba shi su. Safiya, ɗalibar da ke neman digiri na biyu a ƙarƙashinsa, a kansu za ta yi aikinta.

"Waɗannan ba irin na rumbu ba ne, Inna," in ji Malam Bashiru ranar da suka iso. "An taɓa halittarsu tun kafin a haife su. Kin san akwai wani abu a jiki mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, a daina ci. To su an kashe musu shi. Ci kawai, sai kitse. Da su ake gane ciwon ƙiba da ciwon suga na mutane."

Uwani ta leƙa akwatin, ta daɗe tana kallo.

"Masu wanga aiki," ta ce, "ba su iya yi muna rago haka nan?"

Malam Bashiru ya yi dariya har da dafa tebur. "Ke dai Inna komai rago!"

"To mi za a yi da kitsen ɓera? Ɓarna dai."

Aka raba su gida biyu. Goma sha biyu masu koren tambari, a cika musu mazubi su ci yadda suka ga dama. Goma sha biyu masu ja, kullum da ƙarfe tara Safiya za ta auna wa kowanne daidai abin da lafiyayyen ɓera ke ci a yini, giram uku da rabi na wani abinci dunƙule-dunƙule mai kama da kashin awaki. Mako goma sha biyu za a yi haka, a ga ko rage ci kaɗai zai sauke musu ƙiba da suga. Aikin Uwani ta shigo da ƙarfe bakwai, kafin kowa, ta sauya garin katako, ta wanke kwalaben ruwa.

Kwana tara ta daure. Na jan tambari sukan cinye rabonsu kafin Safiya ta gama zagaye, daga nan sai nema. Su tona garin katako, su bi kusurwa-kusurwa, su kama ƙarfen murfi da haƙora su yi ta lilo. Da ta buɗe ƙofa da safe sautin da take fara ji ke nan, ƙas-ƙas-ƙas, haƙora a kan ƙarfe. Ta gwada yin aikin tana salati da ƙarfi don kada ta ji. A rana ta goma ta tarar da lamba bakwai ya ci gefen kwanon robarsa, bakinsa da jini, yana tura garin katako cikin baki da hannuwa biyu.

Akwai ƙuli-ƙuli a bakin zaninta, na karin kumallonta. Ta ɓantari ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar wake ba, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannuwansa, ya zauna a kan gindinsa yana ci, ɗakin ya yi mata shiru ta wannan kusurwar. Sai ta ga sauran goma sha ɗaya sun taru a jikin kejinsu, hancinsu na motsi. A gidan da ta tashi ba a ba dabba ɗaya abinci a gaban 'yan'uwanta.

Da a kan ɓantare ta tsaya, da wataƙila abin bai kai haka ba. Amma Uwani ba ta iya ciyar da dabba da wasa ba. Ƙuli-ƙuli zalla yana ɗaure ciki, wannan kowane mai kiwo ya sani. Sai ta riƙa daka shi da yamma a ƙaramin turmi, ta haɗa da dusar gero mai laushi, ta barbaɗa kanwa ɗan kaɗan don ya buɗe musu ciki su sha ruwa. Haɗin da take yi wa rago a watan ƙarshe ke nan, sai dai ta rage shi zuwa cikin ƙaramin cokali ga kowanne. A lissafinta cokali ɗaya ba komai ba ne, ba abin da sikeli zai gani. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa cikin cokalin nan ya kusa abincin ɓera na yini guda ba, kuma rabinsa mai ne. Sai ta jira sun suɗe, sannan ta sauya garin katakon, ko ɓurɓushi ba ya saura. Gashinsu ya yi sheƙi. Ita kanta, in ta manta da tsoro, takan ji daɗin ganinsu.

A Litinin ɗin nan ta mako na shida, Dakta Mansur ya shigo da kansa. Dogon mutum ne mai magana a hankali, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya sa ake tsoronsa. Ya duba takardar awo, ya aika aka aro wani sikelin, aka sake auna duka ashirin da huɗun a gabansa. Na ja sun kusa kamo na kore. Ya dubi Safiya, ya fita.

Talata Uwani ta shigo hannu wofi. Ta yi niyya tun asuba cewa ta daina. Tana tura ƙofa suka taso gaba ɗaya, suka maƙale a jikin raga ta ɓangaren da take. Ta yi aikinta ta kai kejin ƙarshe, ta fita ba ta waiwaya ba. Laraba ma haka, sai dai a ranar Malam Bashiru ya yi sammako, ya shigo tana tsakiyar aiki. Ya tsaya yana kallon yadda suke bin ta daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ikon Allah. Inna, 'yan jan nan sun san ki fa. Safiya da ke ba su abinci ba sa yi mata haka."

Ta ce, "Warin raguna sunka ji. Ba ya fita jikin mutum."

"To ko asiri kika yi musu? Ki sammana, ko 'ya'yana sa riƙa tarbata haka."

Ya yi dariyarsa ya wuce wurin firiji. Alhamis da safe ta sake ƙullo haɗin, har da ɗan ƙari, na kwana biyun da suka rasa.

A ranar ne sakamakon jini ya fito. An ɗebi jinin na ja an juya shi a inji, ruwan da ya taso sama, maimakon ya fito garau, ya fito fari kamar an zuba madara. Uwani tana goge barandar ofis, taga a buɗe, ta ji komai.

"Wannan mai ne, Safiya," in ji Dakta Mansur. "Dabbar da ke cin giram uku da rabi ba ta yin wannan jinin. Ko dai ba kya auna abincin kina rubuta kin auna, ko kina zuba musu na kwana biyu ki tafi harkarki."

"Wallahi Dakta kullum ina aunawa. Ko ranar da na yi zazzaɓi na zo."

"To daga sama yake faɗo musu? Makulli uku ne. Bashiru shekararsa goma sha huɗu a aikin nan. Inna kuwa ko buhun abincin ba ta taɓawa, a kulle yake. Ran Litinin zan rubuta wa kwamiti. Ba zan sa hannu a kan lambobin da ban yarda da su ba. Kin san abin da ake yi wa ɗalibin da aka samu da ƙirƙirar sakamako."

Safiya ta fito ta wuce ta gaban Uwani, ta taka inda aka goge, ta juyo ta ce, "Yi haƙuri Inna, na ɓata miki," sannan ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da hijabi. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da biyar, mai yawan tsorata, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura. Ita ke kawo wa Yelwa lemo da ayaba in ta karɓi kuɗin wata. Uwani ta matse tsumma a bokiti, ta sake matse shi, ba ruwa a jikinsa.

Asabar ana suna a gidan ƙanenta Yakubu a Furfuri, ta nemi izini ta tafi, ta bar Yelwa wurin matar maigadi. Ba don sunan kaɗai ta je ba. Bayan an ci tuwo ta ja Yakubu gefe ta tambaye shi, in zama ya ƙi a Gusau, ko akwai wuri.

"Haba Yaya, gidan ubanki ne," ya ce. Ya kai ta ɗakin da ke ƙarshen gida, inda ake ajiye albasa da buhunan taki. "A kwashe wanga, a yi shafe, shi ke nan."

Ta je wurin tagar. Daga nan har inda ido ya tsaya gonakin dawa ne, ga hanyar babura ta ratsa ta tsakiya. Ta tsaya tana ƙirga waɗanda suka wuce, cikin ɗan lokaci ta ƙirga bakwai.

"Mi ya faru can wurin aikin?" in ji Yakubu.

Ta gaya masa, a gajarce. Ya dube ta baki buɗe.

"Ɓera? Yaya, ɓera hwa kika ce. Mu nan magani muka saye muna kashe su, ke kina can kina yi musu turke?" Ya fara dariya, ya ga fuskarta, ya haɗiye. "To wa ya gane ki?"

"Ba kowa."

"To ki yi shiru mana. Ita yarinyar 'yar masu hali ce, ta samu wata makaranta. Ke ki duba Yelwa."

Da wannan maganar ta hau mota, da ita ta yini Lahadi. Ta duba Yelwa kuwa, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsefe kai, katangar cibiyar ta kewaye ta ta ko'ina, ta yi wata huɗu ba ta shiga ƙarƙashin gado ba.

Litinin da ƙarfe takwas Dakta Mansur yana ofis, Safiya na tsaye a gaban teburinsa, Malam Bashiru a bakin ƙofa. Uwani ta yi sallama ta shiga da rigar aikinta. Ba a kira ta ba, duk suka juyo. Ta durƙusa, ta kwance bakin zaninta, ta ɗora ƙullin leda a kan teburin, kusa da takardar da yake rubutawa.

"Ranka shi daɗe, ni ka ba su. Yarinyar ga ba ta san komi ba."

Ya buɗe ledar, ya shinshina, ya murza garin a yatsa. "Mene ne wannan?"

"Ƙuli ne, da dusa, da 'yar kanwa."

"Kanwa," ya maimaita. "Tun yaushe?"

"Tun kwana goma da raba su. Kwana biyu kaɗai na tsallake."

Malam Bashiru ya ce, "Innalillahi." Safiya ta dubi ledar, ta dubi Uwani, ta ja baya har ta jingina da kabad.

Dakta Mansur ya cire tabarau ya ajiye. Ya daɗe yana murza idanunsa.

"Inna, kin san abin da kika yi? Shekara biyu na nema. Mako shida na yarinyar nan sun tafi, kuma saura kaɗan in kashe mata karatu da hannuna." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ba a gaya miki ba? Yunwarsu ba a ciki take ba, a kai take. Ko buhu kika juye musu, haka za su yi ta cizon ƙarfe. Abin da muke ba su ya ishi jikinsu, ba mai mutuwa."

"An gaya min, ranka shi daɗe. Ni na sani. Su ne ba su sani ba."

Dakta Mansur ya jawo takardar da ya fara rubutawa, ya yage ta gida biyu, ya jefa a kwando.

"Zan nemi a ƙara mata lokaci, a huta da su mako uku a sake farawa, in an yarda. Ke kuma." Ya dube ta. "Na faɗi doka, kowa ya ji. Amma sama da shekara ɗaya dabba ko ɗaya ba ta mutu a hannunki ba, ban taɓa samun haka ba. Kuma da ƙafarki kika zo. Ki rantse mini da Allah, a gaban mutanen nan, ba za ki ƙara sa musu komai a baki ba. In kin rantse, ki riƙe makullinki da ɗakinki, magana ta mutu a nan."

"Rantse, Inna," in ji Malam Bashiru da sauri. "Rantse kawai."

Ta buɗe baki. Kalma uku ce ko huɗu, ta san su, suna kan harshenta. Ta ce, "A bar ni in leƙa su tukuna."

Ya ɗaga mata hannu. Ta bi baranda, ta sa makulli, ta tura ƙofar. Yau ba ta ba su komai ba. Suna jin tafiyarta suka taso, goma sha biyu, suka hau raga da nauyin jikinsu, wasu na zamewa suna sake hawa. Mako goma sha biyu za a sake yi daga farko, kwana tamanin da huɗu, kowace safiya ita kaɗai da su a ɗakin, ƙofa a rufe. Ta gwada ganin kanta a rana ta ashirin, a rana ta arba'in. Ta yi tsaye har sanyin ɗakin ya shiga ƙafafunta.

Da ta dawo ofis ta ciro makullin daga igiyar wuyanta, ta ajiye kusa da ledar.

"In na rantse ƙarya zan yi. Kwana tara na iya, ranka shi daɗe. Na san kaina."

"Inna, Yelwa fa?" in ji Malam Bashiru. "Ki yi tunani!"

"Kwana biyu na yi ina tunaninta."

Dakta Mansur ya dubi makullin, bai taɓa shi ba. Ya tambayi Malam Bashiru ko akwai wani gurbin, shara ko wanke kwalabe. Babu, kuma ɗakin na mai kula da dabbobi ne, duk wanda za a ɗauka dole ya kwana kusa da su. Ya ce ta zauna har ƙarshen wata. Ya ce zai rubuta mata takardar shaida mai kyau, ta yi godiya, ko da yake ba ta san wanda za ta kai wa ba.

Ranar da za su tashi, Yakubu ya turo akori-kura. Kayan ba su cika rabin bayanta ba. An gaya wa Yelwa tun da kwana uku, ta ce to, amma da safen ta ƙi fitowa, sai da Uwani ta zauna da ita a bakin gado ta yi mata alkawarin za a toshe tagar ɗakin da bulo kafin su kwana a ciki.

Safiya ta zo ana ɗaure katifa. Tun ranar ofis ba ta yi wa Uwani magana ba, in sun haɗu a baranda sai ta sunkuyar da kai. Ta tsaya nesa kaɗan, ta gaishe ta a taƙaice.

"An ba ni wata huɗu," ta ce. "Ba zan gama da 'yan ajinmu ba."

"Ki yafe mani, ɗiyata."

Safiya ta murɗa bakin hijabinta. "Sabon da aka ɗauka tsoronsu yake ji. Jiya lamba uku ya cije ni, shi ma ya cije shi. Ke ba su taɓa cizonki ba. Yaya kike ɗaukarsu?"

"Miƙo hannunki."

Ta miƙo. Uwani ta juya tafin sama, ta lanƙwasa mata yatsun kamar za ta ɗebi ruwa, ta sa nata hannun a ƙarƙashi.

"Kar ki zo mashi ta sama, shaho ka zuwa ta sama. Ki aje hannu ƙasa ki jira, shi hau da kanshi. Kuma ki tallabe cikin, sun yi nauyi, in ya yi lilo ciwo shika ji."

Direba ya danna oda. Ya ce in ba su kama hanya yanzu ba, shi ba zai dawo ta Bunguɗu bayan la'asar ba. Uwani ta sa Yelwa a tsakiya, ta zauna ta bakin taga don ta tare mata gonaki, ta jawo ƙofar motar sau biyu kafin ta kama.